Nokawut da albarushi: abin da ya kamata a sani kafin bukukuwan Sallah a Kibiya da kewaye

A duk lokacin da Sallah ko Mauludi ko wani babban biki ya ƙarato, ƙarar nokawut kan cika unguwanni a garuruwa da ƙauyukan Jihar Kano, ciki har da Kibiya da Rano da Bunkure. Yara na saye da kuɗin barka da Sallah, matasa na harbawa wajen rakiyar amarya, masu hali kuma sun soma sayen irin wanda ke tashi sama ya watsa launuka. To sai dai 'yar wannan aba da ake ɗauka kayan wasa ce, albarushi ne a cikinta, kuma kuskure ƙanƙane wajen saye ko ajiya ko kunnawa na iya raba yaro da yatsunsa, ko ya raba magidanci da amfanin gonarsa na shekara guda.

Mene ne a cikin nokawut?

A ƙasar Sin aka fara haɗa albarushi, wajen ƙarni na 9 Miladiyya, daga nan ya bi ta ƙasashen Larabawa ya kai Turai da Afirka. Ita kanta kalmar albarushi Hausa ta aro ta ne daga Larabci. Har yanzu kuma ƙasar Sin ce ke ƙera mafi yawan kayan wasan tartsatsin wuta da ake sayarwa a duniya, musamman a garin Liuyang na lardin Hunan.

Abubuwa uku ne ke cikin baƙin albarushi: gawayi da farar wuta da wani irin gishiri da ake kira fotasiyam naitiret. Gawayi da farar wuta su ne makamashi, shi kuwa gishirin shi ke ba da iskar da wuta ke buƙata domin ta ci. Wannan ne ya sa albarushi ya bambanta da itace ko kananzir. Idan itace ya kama wuta aka rufe shi da bargo ko ƙasa sai ya mutu, amma shi albarushi yana ɗauke da iskarsa a jikinsa, don haka da zarar ya kama to sai ya ƙare.

Yawancin nokawut masu ƙara sosai na ɗauke da wani gari mai haɗin alminiyom, wanda ya fi baƙin albarushi saurin tashi, kuma gogayya ko duka ko ɗan tartsatsi na iya tayar da shi. Launukan da ake gani a sama kuwa daga ma'adinai suke fitowa: sitrontiyom na ba da ja, bariyom na ba da kore, tagulla na ba da shuɗi, sodiyom kuma rawaya. Hatta ɗan sandan nan mai feshin taurari da ake miƙa wa ƙananan yara su riƙe, zafinsa kan kai digiri 1,000 a ma'aunin Salshiyos, wato ninki 10 na zafin tafasasshen ruwa.

Daga 'yan bindigar sarki zuwa tiren mai talla

Ƙarar albarushi a wurin biki ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. A Borno, Mai Idris Alooma ya yi amfani da 'yan bindiga tun a ƙarni na 16. Littafin Tarihin Kano kuma ya nuna cewa Sarki Babba Zaki, wanda ya yi mulki daga 1768 zuwa 1776, shi ne ya fara ajiye 'yan bindiga masu gadinsa. Akwai kuma al'adar buga bindiga a hawan Sallah da naɗin sarauta da sanar da ganin wata. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Sallah na Kano cikin jerin al'adun da 'yan Adam suka gada. Rano, wadda ke cikin Hausa Bakwai, ita ma tana da nata tsohon tarihin sarauta da hawa, kuma tun 2024 Kibiya da Bunkure na ƙarƙashin masarautarta mai daraja ta biyu.

Amma akwai bambanci babba tsakanin wancan da wannan. 'Yan bindigar sarki sanannu ne, suna da shugaba, sun gaji sana'ar ko sun koya a hannun manya, kuma an san rana da wurin da za su buga. Shi kuwa nokawut a tire ake tallansa tare da alewa da balam-balam, mai saye sau da yawa bai kai shekara 10 ba, kuma a lungu ko a ƙofar gida ake kunnawa. Albarushin ɗaya ne, hannun da ke riƙe da shi ne ya canja.

Dalilin da ya sa haɗarin ya fi yawa a karkara

Ƙaramar hukumar Kibiya, wadda ƙidayar 2006 ta nuna tana da mutum 136,736, yanki ne na manoma. Bayan kaka, a garuruwa irin su Tarai da Durba da Kahu da Fammar, kamar sauran ƙauyukan kudancin Kano, dawa da gero da masara na cikin rumbu, harawar wake da ta gyaɗa na bisa rufi ko bisa bishiya, kara na jingine a bayan gida, yawancin shinge kuma danga ne ko zana. Duk waɗannan abinci ne ga wuta. A lokacin hunturu danshin iska kan yi ƙasa ƙwarai, komai ya bushe ƙayau, ga kuma iska mai ƙarfi da ke ɗaukar tartsatsi daga wannan gida zuwa wancan.

Akwai kuma batun kalanda. Da yake shekarar Musulunci ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, bukukuwan Sallah na ja da baya kowace shekara. A 2025 an yi ƙaramar Sallah a ƙarshen watan Maris, daga nan za ta yi ta gangarowa zuwa Fabrairu da Janairu a shekarun da ke biye. Babbar Sallah kuma, wadda ta faɗo a farkon Yuni a 2025, ta nufi tsakiyar bazara. Ma'ana, na tsawon shekaru masu yawa Sallolin biyu za su riƙa zuwa ne a lokacin rani, sa'ad da babu ruwan saman da zai jiƙa bunu da kara. Bukukuwan aure su ma sun fi yawa bayan an kawar da amfanin gona.

Daɗin daɗawa, a ƙauye motar kashe gobara ba ta kusa, ruwa kuma na rijiya ne ko na tuƙa-tuƙa. Kafin taimako ya iso sau da yawa aikin gama ya gama.

Abin da doka ta ce

Dokar abubuwan fashewa ta Nijeriya ta 1964 ita ce ta tsara shigo da irin waɗannan kaya da ƙera su da ajiye su da sayar da su, kuma ba a yin ko ɗaya sai da izinin hukuma. Bindigogin gargajiya kuwa dokar makamai ta 1959 ta shafe su. Ban da wannan, rundunar 'yan sandan Jihar Kano, kamar takwarorinta na wasu jihohi, ta sha fitar da sanarwar hana sayarwa da buga nokawut a lokutan bukukuwa, tare da gargaɗin kama duk wanda ya saɓa.

Hujjar 'yan sanda ita ce ƙarar na firgita jama'a, kuma miyagu na iya fakewa da ita su yi harbi ba a gane ba. A jihar da ba ta manta da hare-haren ranar 20 ga Janairu 2012 ba, waɗanda suka hallaka mutum fiye da 180 a birnin Kano, ƙarar fashewar wani abu cikin dare ba wasa ba ce ga mutane da yawa.

Saboda haka matakin farko ga duk mai niyyar yin wasan wuta a gidansa ko a bikinsa shi ne ya tuntuɓi ofishin 'yan sanda na yankinsa da mai unguwa ko dagaci. Idan an hana, to magana ta ƙare. Bayanan da ke biye sun shafi inda aka ba da izini, da kuma iyayen da suka tarar da kayan sun riga sun shigo gida a aljihun 'ya'yansu.

Wajen saye

A ƙasashen Tarayyar Turai an kasa kayan wasan wuta gida huɗu. Aji na ɗaya shi ne mafi sauƙi, ana sayar wa ɗan shekara 12, aji na biyu sai ɗan shekara 16, na uku sai ɗan shekara 18, na huɗu kuwa ƙwararru ne kaɗai ke taɓa shi. Ko da yake ba a bin wannan tsari a kasuwannin karkara, darasin da ke cikinsa a fili yake: babba ne ya kamata ya saya, kuma abin da ya fi ƙarfin farfajiyar gida bai dace da mai gida ba.

Kada a sayi wanda ba ya cikin kwalinsa na asali, ko wanda babu sunan kamfani da bayanin yadda ake kunna shi. Idan gari na zubowa daga jikinsa, ko takardar ta yi laushi ko ta nuna alamar ruwa ya taɓa ta, ko lagwanin ya gajarce ko ya yi lako-lako, a bar shi komai arharsa. Kwantan bara da aka fito da shi bana ya fi kowanne rashin tabbas. Haka kuma a guji wanda aka haɗa a gida, da irin bindigar da yara ke yi ta hanyar cusa kan ashana cikin bututun ƙarfe, domin idan ƙarfen ya fashe ɓaraguzansa tamkar harsashi ne.

Kada a yarda mai sayarwa ya kunna ɗaya a gaban hajarsa don ya nuna ingancinta. Irin wannan gwaji ne aka ɗora wa alhakin gobarar kasuwar Mesa Redonda a birnin Lima na ƙasar Peru ranar 29 ga Disamba 2001, wadda ta hallaka mutum kusan 300. Wajen kai kayan gida kuma, kada a ɗaura su kusa da salansar babur, kada a haɗa su da galan ɗin fetur, kada kuma a sha taba kusa da su.

Wajen ajiya

Da dama daga cikin manyan bala'o'in wasan wuta a duniya a wurin ajiya suka auku. Ranar 13 ga Mayu 2000 wani rumbun ajiya ya tashi a garin Enschede na ƙasar Holland, mutum 23 suka mutu, kimanin 950 suka jikkata, unguwa guda ta zama kufai. Ranar 26 ga Disamba 2012 wani ɗakin ajiyar nokawut ya fashe a yankin Jankara na tsibirin Legas, aƙalla mutum guda ya rasu, gommai suka jikkata, gine-gine da dama suka ƙone. A Disamban 2016 kuma kasuwar San Pablito ta garin Tultepec a Mekziko ta kama, mutum 42 suka hallaka.

Abin da ke faruwa shi ne, ƙwaya ɗaya idan ta tashi a fili ƙara ce kawai, amma idan tana cikin katan sai ta kunna 'yan'uwanta cikin ƙiftawar ido. Idan kuma katan-katan ne jibge a ɗaki rufaffe, hayaƙin ba shi da mafita, sai ya ture bango da rufi. Don haka ƙa'ida ta farko ita ce a sayi kaɗan, kuma a saya dab da ranar da za a yi amfani da shi.

Wanda ya zama dole a ajiye, a bar shi cikin kwalinsa, a sa a akwati mai murfi da makulli, a ɗora bisa wani abu don kada ya taɓa ƙasa, a wuri busasshe mai inuwa. Kada a ajiye a ɗakin kwana, ko madafa, ko kusa da janareta, ko inda ake cajin waya da batirin sola, ko ɗakin da ake ajiye fetur da takin zamani da maganin feshi. Rumbu da ɗakin harawa su ne wurare mafi muni. Garwashin turaren wuta da maganin sauro na kunnawa da fitilar kananzir, duk sun isa su jawo masifa.

Zafin bazara shi kaɗai, ko da ya haura digiri 40, ba ya kunna albarushi, sai dai yana lalata takarda da gam ɗin da ke riƙe da shi, garin ya riƙa zuba. Danshi kuwa na sa lagwani ya riƙa ci a hankali, mai kunnawa ya ɗauka ya mutu. Wanda ya jiƙe ba a shanya shi a rana ko a gefen murhu, jiƙa shi ake ƙara yi a zubar. Kada kuma yaro ya zuba nokawut a aljihu tare da kwalin ashana, domin gogayya na iya tayar da shi. A hunturu ma, ɗan tartsatsin nan da tufafin roba ke yi idan an cire su abin kiyayewa ne kusa da garin da ya zube.

Wajen kunnawa

A zaɓi fili mai faɗi wanda aka share, nesa da danga da bunu da turken dabbobi da wayoyin lantarki da masu sayar da fetur a bakin hanya. A Birtaniya ana buƙatar tazarar aƙalla mita 8 tsakanin masu kallo da ƙananan kayan da ake kunnawa a farfajiyar gida, manya kuma mita 25. A lura da inda iska ta nufa, masu kallo su tsaya ta inda take fitowa. Idan iskar ta yi ƙarfi a fasa.

Babba guda ɗaya mai natsuwa ne zai riƙa kunnawa, ɗaya bayan ɗaya, sauran kayan na cikin akwati a rufe can gefe. A tanadi bokitin ruwa da na yashi tun kafin a fara. Mai kunnawa ya miƙe hannunsa, ya kawar da fuskarsa, da ya kunna ya ja da baya. Mai tashi sama a kafa shi sosai a ƙasa don kada ya faɗi ya nufi jama'a. Ba a riƙe nokawut a hannu don nuna jarumta, ba a jefa wa mutum ko dabba, ba a kuma sa shi cikin kwalba ko gwangwani.

Babbar riga da mayafi da hijabi na saurin kama wuta, yadin roba kuma idan ya kama narkewa yake ya manne da fata. Wannan ya sa kayan Sallah ba kayan kunna wuta ba ne.

Raunuka da yawa na faruwa ne a kan wanda ya ƙi tashi. Yaro ya koma ya ɗauka ko ya leƙa, sai ya fashe masa a hannu ko a ido. Wanda ya ƙi tashi ba a sake kunna shi: a bar shi kamar minti 20, sa'an nan a kwara masa ruwa, a ɗauke da shebur a tsoma a bokiti ya kwana. Washegari a share filin, don yara kan tsinci ragowa su fasa su tara garin.

Cikin ɗaki ko zauren biki kuwa ba wurin wasan wuta ba ne ko kaɗan. Ranar 26 ga Satumba 2023 tartsatsin da aka kunna a wani zauren bikin aure a Hamdaniya ta ƙasar Iraƙi ya kama rufi, mutum fiye da 100 suka rasu.

Su ma masu bindigar gargajiya na da nasu abin kiyayewa. Cika albarushi fiye da kima don a ji ƙara na fasa bututu, musamman wanda ya tsufa ko ya yi tsatsa. Ko babu harsashi, tsumman da aka danna da wutar da ke fita daga bakin bindiga na iya raunata wanda ke kusa, ƙarar kuma na sa doki ya zabura cikin taro.

Idan tsautsayi ya auku

Wanda tufarsa ta kama wuta kada ya gudu, ya kwanta ya yi birgima, ko a lulluɓe shi da bargo. Ƙuna a zuba mata ruwa mai sanyi mai tsabta har na tsawon minti 20, a cire zobe da warwaro kafin wurin ya kumbura, a rufe da ƙyalle mai tsabta. Kada a shafa ƙwai ko man ja ko man goge baki ko gishiri ko baƙin mai, kada a sa ƙanƙara, kada a fasa bororo, kada kuma a fizge tufar da ta manne.

Idan ido ne, kada a murza, kada a yi ƙoƙarin ciro abin da ya shiga, kada a ɗiga komai. A kife ƙaramin kofi mai tsabta a kai ba tare da dannawa ba, a nufi asibiti. Idan hannu ne ya fashe, a danne da ƙyalle mai tsabta, a ɗaga shi sama. Ƙunar fuska da hannu da al'aura, da duk wata babbar ƙuna a jikin yaro, sai asibiti, kuma a tambayi allurar rigakafin sandarewar wuya. Daga asibitin Kibiya ko babban asibitin Rano akan tura masu munanan raunuka birnin Kano, inda ake da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad da Asibitin Ƙashi na Dala. Lambar kiran gaggawa ta ƙasa ita ce 112.

Kunne ma na cikin haɗari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ƙara mai zuwa farat ɗaya ta wuce ma'aunin desibel 140 ga manya, 120 ga yara, alhali nokawut da ya fashe kusa na iya kaiwa 150. Jarirai da tsofaffi da marasa lafiya su suka fi shan wahala, masu asma kuma hayaƙin na iya tayar musu da ciwo.

Mahangar malamai

Malamai da dama na kallon lamarin ta fuskoki uku: almubazzaranci da dukiya, da cutar da maƙwabci, da firgita Musulmi, wanda hadisi ya hana ko da wasa ne. A kan hujjojin ɓarnatar da dukiya da cutar da mutane ne marigayi Shaikh Muhammad bin Salih al-Usaimin na Saudiyya ya ba da fatawar haramta saye da sayar da waɗannan kaya. A wasu ƙasashen Musulmi kuwa, kamar Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, hukumomi ne ke shirya wasan wuta na Sallah a fili, ƙwararru na kunnawa, jama'a na kallo daga nesa.

Ko ta wace fuska aka duba, nauyin ya fi rataya a wuyan mutum uku: ɗan kasuwar da ke sayar wa ƙananan yara, da uban da ke ba da kuɗin Sallah bai tambayi abin da aka saya ba, da mai unguwar da ya san inda aka jibge katan-katan a tsakiyar gidaje. Hausawa dai na cewa rigakafi ya fi magani, kuma a yankin da abincin shekara ke cikin rumbu a bayan danga, gobarar dare ɗaya na iya mayar da mai bayarwa mai nema.